Daga Tawa zuwa Yamai da akwatin leza

Motar kar ta Tawa zuwa Yamai tana tashi tun kafin kiran assalatu, kuma mai ɗauke da kayan awon haske gara ya riga kowa isa tasha, ya ga inda za a cusa masa kaya da idonsa. Ƙarafuna da wayoyi da batir na bari aka sa su ƙasa tare da buhunan albasa. Abu uku ne ban yarda sun bar cinyata ba: leza mai koren haske, wato fitila mai fitar da siririn zaren haske, ƴar jakar lensi, da ƙaramar kula mai kwalabe biyu a ciki. Lezar ba ta son jijjiga, domin a cikinta akwai ƙananan duwatsun kiristal biyu a jere, in suka goce da kaurin gashi ɗaya sai haske ya ragu ko ya rabu biyu. Kwalaben kuwa garin folima ne, dangin roba, iri biyu masu suna MEH-PPV da P3HT, miligiram 100 kowanne, a kwalba mai ruwan ƙasa da aka naɗe da takardar alminiyom. Rana da iska da zafi ne abokan gabansu, ga shi kuma muna ƙarshen watan Maris.

Tafiyar kilomita wajen 550 ce. Gudron ya gangara kudu har Tsarnawa, ya haɗu da babbar hanyar da ta fito daga Maradi, sai Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, sannan Yamai. A Ƙonni da Dosso na sake ƙanƙarar kular, irin wadda yara ke tallatawa a leda. Ana sa ta a leda biyu, a raba ta da kwalaben da tsumma, don kada ruwa ya kai murfi. In an sauka kuma, ba a buɗe kwalba mai sanyi nan take. A bar ta awa guda ta ɗauki ɗumin ɗaki, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kan garin, ruwan ya bi shi har cikin gwaji. Wajen Kure, ƙasar raƙuman dawa, hazo ya rufe sama har rana ta koma farin faranti da ido ke iya kallo. Ƙurar nan na san za mu sake haɗuwa da ita a kan gilashi.

Wani abokin aikina ne ya kira ni, malamin fizik da ya haɗa ɗan ɗakin gwaji a bayan gidansa a Talladje da kuɗin aljihunsa. Ɗalibai uku ke aiki wurinsa, mace ɗaya da maza biyu. Sun yi wata shida suna auna yadda ruwan MEH-PPV ke amsa koren leza, sun sami lambar da ta ninka ta sanannun abubuwa sau miliyan, suna shirin rubutawa. Ya ce mini a waya: “Malam, zo ka duba mana kafin mu kai shi kasuwa. Lambar nan ta yi kyau da yawa, hankalina bai kwanta ba.”

Folima doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon. Ledar ƙanƙarar nan ma folima ce, sai dai duk haɗin da ke tsakanin ƙwayoyinta guda-guda ne, kowane elektaron a ɗaure yake a mazauninsa, shi ya sa ba ta ɗaukar kuran kuma ba ta da launi. Waɗanda na ɗauko haɗinsu karɓa-karɓa ne: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, har ƙarshen sarƙa. A irin wannan jeri, kowace ƙwayar kabon tana sakin elektaron guda ya yi yawo a tsawon sarƙar. Gwargwadon tsawon filin yawon, gwargwadon ƙarancin ƙarfin da ake buƙata a ɗaga elektaron ɗin, launin abin kuma ya riƙa matsawa wajen ja. Launin karas daga nan yake, haɗi mai biyu guda 11 a jere. MEH-PPV tana shan haske mai zango, wato tsawon igiyar haske, wajen nanomita 500, sai ido ya gan ta ja-ja kamar manja. P3HT a cikin ruwan narkarwa ruwan lemo ce, amma in ta bushe a kan gilashi sarƙoƙin suka jeru, sai ta koma shunayya, da wata ƴar kafaɗa a zanen shan haskenta wajen nanomita 600. A 1977 Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka nuna cewa foli'asetilin da aka tura wa tururin ayodin tana ɗaukar kuran, aka ba su kyautar Nobel a 2000. A 1990 kuma, a Kambirij ta Ingila, aka sa PPV ta ba da haske da kanta.

Abin da ya kai ni Yamai wani halinsu ne daban. A hasken yau da kullum, abu yana amsawa daidai wa daida: ka ninka haske biyu, amsa ta ninku biyu. In haske ya yi kaifi ƙwarai, elektaron da ake girgizawa ba ya komawa yadda ya tafi, amsar ta kauce wa wannan lissafi. Koren lezar da ake sayarwa a shagunan waya misali ce a hannu. Ba ta haifi kore ba. Wani diyod ne ke ba da haske mai zango nanomita 808, dutsen farko ya mai da shi 1064, wanda ido ba ya gani, dutse na biyu, KTP, ya haɗa ƙwayoyin haske bibbiyu ya fito da 532. Franken da abokan aikinsa suka fara ganin irin wannan a Mishigan a 1961, shekara guda bayan ƙera leza ta farko, da suka mai da jan haske mai 694 zuwa 347 a cikin dutsen kwaz. Wannan ninki biyu yana buƙatar abin da ƙwayoyinsa suka fuskanci gefe guda. Sarƙoƙin folima a cakuɗe suke kamar taliya a tukunya, na gabas ya soke na yamma, sai mataki na uku ya rage musu. A nan suke da suna. Suna iya ninka haske uku, 1064 ya koma 355, suna iya shan ƙwayar haske biyu a lokaci guda, kuma lambarsu ta lanƙwasa haske, n, tana sauyawa da kaifin hasken, I: n = n₀ + n₂I, inda n₀ ce lambar a haske kaɗan, n₂ kuma gwargwadon sauyin. Tun 1976 aka auna babbar amsa a kiristal ɗin folidayasetilin. Lissafin sarƙa mai tsawo ya nuna amsar tana hawa da raguwar tazarar ƙarfi, ƙarfin nan da ake buƙata a ɗaga elektaron, har ninki shida a jere, wato in tazarar ta sauka daga elektaron-bolt 3 zuwa 2, amsar ta ninku kusan 11. Burin shi ne a sami makunnin da haske ke kunna haske a wayar gilashin intanet, ba tare da an mai da saƙo kuran ba, da kuma tabarau da zai duhunta da kansa in leza ta doke shi.

Awon da ɗaliban ke yi sunansa Z-scan. Sheik-Bahae da abokan aikinsa suka fito da shi a Amurka a 1989, ya yaɗu saboda sauƙinsa. Zaren leza ɗaya, lensi ɗaya mai tattara shi, sai a tura samfurin a hankali ya ratsa matattara daga gabanta zuwa bayanta. Can nesa akwai ƴar kafa da idon awo a bayanta. Idan haske ya sauya n ɗin samfurin, samfurin kansa ya zama ƙaramin lensi, ya matse zaren ko ya baza shi, abin da ke shiga kafar ya ƙaru ko ya ragu. Zanen da ke fitowa tudu ne da kwari. Kwari kafin tudu, n₂ mai ƙari ne. Tudu kafin kwari, mai ragi. Nasu zanen tudu ne sannan kwari, manya-manya, gwanin kyau.

Ban ce komai a kan zanen ba ranar farko, domin teburin kansa yana da gyara. Na katako ne, in mota ta wuce a layin sai ɗigon hasken ya yi rawa a bango. Washegari muka shiga kasuwar Katako, inda ake samun komai daga ƙyauren mota zuwa tukunyar alminiyom da ake zubawa a gabanka. Muka sa aka yanka mana farantin ƙarfe mai tsawon mita 1, faɗin santimita 30, kaurin milimita 10, nauyinsa wajen kilo 23. Mai waldar ya ce: “Malam, wannan ai ya yi wa ƙofa nauyi.” Na ce: “Maigida, nauyin muke so. Ka daure kada ka yi masa walda ko ɗaya, wuta za ta lanƙwasa shi, huda kawai za ka yi mana.” Ya yi huda 24 a layi biyu, muka bi su da igiyar magina don tabbatar da sun miƙe. A gida muka ɗora farantin a kan tiyub biyu na babur da aka hura rabi. In an cika su da iska sun zama ƙwallo, jijjigar ta dawo.

Abin tura samfurin sandar ƙarfe ce mai zare, M8, wadda kewaye ɗaya ke matsar da noti milimita 1.25. Muka haɗa ta da ƙaramin inji mai taku 200 a kewaye, da aka ciro daga tsohuwar na'urar fotokofi, ƴar kwamfutar Arduino na ba shi umarni. Taku ɗaya maikuromita 6.25 ke nan, taku 80 rabin milimita. Tafiyar milimita 60 ta ba mu wuraren awo 120. Matsalar irin wannan sanda ita ce ba ta rasa ɗan lanƙwasa, sai kubet ɗin, wato ƴar kwalbar gilashi mai faffaɗan gefe da ake zuba ruwan a ciki, ta riƙa sunkuyawa tana ɗagowa, zaren haske ya riƙa yawo a bakin kafa. Maganinsa a sa keken ya hau kan sanduna biyu masu santsi, mai zaren ta tura kawai ba ta ɗauki nauyi ba, sannan kowane awo a yi shi sau biyu, da ƙarfin haske da kuma da haske kaɗan, a raba na farko da na biyu.

Idon awo BPW34 ne, guda biyu. A koren haske yana ba da wajen ampiya 0.3 a kowane wat, don haka miliwat 1 a kan rezista mai om 10,000 yana ba da bolt 3. Dole a ɗaura masa batir mai bolt 9 ta baya, in ba haka ba ya ƙoshi da wuri, ya aske kan tudun. Ido na biyu mai gadi ne. Ana gitta siririn gilashin maikuroskof a gaban lensi, ya karkatar da kashi 8 cikin 100 na hasken zuwa gare shi, a raba karatun ido na farko da nasa, domin ƙarfin irin wannan leza yana hawa yana sauka da ɗumin jikinta. A bar ta minti 30 a kunne kafin a fara. Abin da na tarar babu shi, kuma ya fi damuna, shi ne matatar da ke tare 808 da 1064. Leza mai araha tana yoyon waɗannan, idon silikon yana ganinsu, idon mutum ba ya gani amma suna ƙona shi. Duk lezar da ta wuce miliwat 5 ba a yi mata wasa: tabarau mai tare 532 da 1064, a cire agogo da zobe, zaren haske ya tsaya daidai ƙugu, kuma kada kowa ya zauna a tabarma a ɗakin tana kunne, don idon mai zaune daidai yake da hanyarta. Leza da idanu da Arduino duk muka mai da su kan batirin mota mai bolt 12. Kuran na iya ɗaukewa a tsakiyar awo, na janareto kuma rawa yake yi.

Faɗin zaren ba a ɗaukarsa daga takardar kamfani. Reza ake ɗaurawa a kan keken awo a yanka zaren a hankali, a rubuta inda haske ya ragu zuwa kashi 84 da inda ya kai kashi 16. Tazarar da ke tsakani ita ce rabin faɗin. Namu milimita 1 ne a bakin lensi mai nisan tattarawa milimita 150. Lissafi ya ba da rabin faɗi maikuromita 25 a matattara, da z₀, wato tsawon da zaren ke zama a matse, milimita 3.8. Kubet mai kaurin milimita 1 ta dace, domin sharaɗin shi ne samfurin ya fi z₀ siranta. Ɗaliban da mai milimita 10 suke aiki, wadda ta karya sharaɗin tun daga tushe. Kafar kuma muka buɗe ta yadda kashi 40 na hasken ke wucewa.

Rana ta huɗu, bayan sallar asuba, muka zauna da alli. A wannan lokaci ake aiki a Yamai a watan Maris: fanka a kashe don iskarta tana kaɗa zaren, taga a rufe don ƙura, kuma kafin ƙarfe 10 ma'aunin ɗakin ya haura 36. Na ce ɗalibar ta riƙe allin. Miliwat 10 a matattara mai rabin faɗi maikuromita 25 ya ba da wajen wat 1,000 a kan santimita murabba'i. Ranar tsaka ta Yamai wat 0.1 ce a wannan fili, don haka rana dubu goma ke nan a ɗigo ɗaya, kuma yara suka yi murmushi da jin haka. To, ruwan da duniya ke gwada sauran da shi, CS₂, n₂ ɗinsa wajen 3×10⁻¹⁴ ne a ma'aunin santimita murabba'i bisa wat. Ninka shi da 1,000, sauyin n ya zama 3×10⁻¹¹. A kaurin milimita 1 da zango 532, gocewar takun igiyar hasken ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin miliyan na radiyan ba. Tazarar tsayi tsakanin tudu da kwari kuwa wajen 0.36 ce a ninka da wannan gocewa, in kafa tana wuce kashi 40. Na ce ta ɗauka folimarmu ta fi CS₂ sau dubu, har ta manta cewa ɗigonta kawai ke cikin toluwin, ruwan da aka narka ta a ciki. Ta buga, ta sami kashi ɗaya cikin dubu goma. Idonmu na awo, a ranar da ya fi lafiya, ba ya rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin ɗari.

Sai muka juya allon. Toluwin in ya ɗumama da digiri 1, n ɗinsa yana raguwa da wajen 5.6×10⁻⁴. Kashi ɗaya cikin goma na digiri kaɗai, a tsakiyar zaren, ya ba da 5.6×10⁻⁵, gocewar taku ta kai kusan radiyan 0.7, tudu da kwari su fito da tazarar kashi 20 da wani abu cikin ɗari. Ruwan ba ya buƙatar shan ko kashi 1 na miliwat 10 ɗin kafin ya yi wannan ɗumi, MEH-PPV kuwa a 532 take shan haske da ƙishirwa. In ka raba wannan sauyi da kaifin hasken ka kira shi n₂, za ka sami wajen 6×10⁻⁸, wanda ya ninka na CS₂ kusan sau miliyan biyu, kuma mai ragi, tudu kafin kwari. Ɗalibar ta ajiye allin, ta ɗauko littafinsu, ta buɗe shafin lambarsu. Ta ce: “Malam, ashe duk wata shidan nan zafi muke aunawa?” Na ce: “E, ƴata, zafi ne, kuma kun auna shi da kyau.” Kama da wane ba ta wane. Zanen iri ɗaya ne, abin da ya haife shi daban. Wannan kuskure ya kai har cikin mujallu, inda ake ganin manyan lambobi da aka samu da leza mai ci ba tsayawa, an kuma jingina su ga yawon elektaron. Yana ɓata mini rai ƙwarai, domin ɗaliban da ba su da manyan kayan aiki su ne suka fi faɗawa ciki, kuma su ne ake fara yi wa dariya in an gano.

Lissafin allo ba ya isa, gani ya kori ji. Muka kashe fitila, muka cire kafa, muka ƙara ƙarfin leza, muka tsai da kubet dab da matattara. A cikin ruwan, inda koren zaren ya ratsa, wani siririn layi mai ruwan lemo yana ƙyalli, hasken da folimar ke mayarwa ke nan. A bango kuwa, mita 2 daga nan, ɗigon ya buɗe ya zama zobba a cikin zobba, kamar an jefa tsakuwa a randa. Kowane zobe yana nufin gocewar taku kewaye guda. Kafin a ƙirga biyu, sai rabin sama na zobban ya lotsa ya matso tsakiya, rabin ƙasa ya tsaya a kewaye. Ka tare hasken da hannun riga ka sake, su sake buɗewa cif, su sake lotsawa ta sama. Ruwan da ya ɗumama ne ke tashi, mai sanyi na shigowa ta ƙasa. Elektaron bai san sama da ƙasa ba. Abokin aikina ya sa aka maimaita sau biyar yana tsaye bai ce uffan ba.

Sauran shaidun sun zo da sauri. Nisan da keken ke tafiya daga tudu zuwa kwari, in amsar ta elektaron ce, z₀ sau 1.7 ce, wato milimita 6.5 a teburinmu. In ta zafi ce tana kai wa sau 3.4, milimita 13, kuma namu wajen nan ya faɗa. Muka yanke hasken da faifai mai huda a kan injin fankar kwamfuta, muka duba da osiloskof: alamar tana ɗaukar milisakan biyu zuwa uku kafin ta cika, daidai da lokacin da zafi ke buƙata ya bazu a maikuromita 25. Amsar elektaron ta fi wannan sauri fiye da sau biliyan. A ƙarshe muka aiki yaro ya sayo zoɓo, wanda a Yamai ake ce wa bisap, muka tace, muka sirka da ruwa, muka zuba a kubet. Shi ma kore yake sha. Tudu da kwari suka fito, sun fi na toluwin ƙanƙanta saboda ruwa ya fi saurin kwashe zafi kuma n ɗinsa bai kai na toluwin saurin sauyawa ba, amma siffar ita ce dai.

Wanda ke son n₂ na gaskiya sai leza mai harbi. Harbi ɗaya mai ƙarfin maikurojul 1 a cikin fikosakan 30 yana kai wat 33,000 a ƙiftawar, ya ba da wajen wat biliyan 3 a kan santimita murabba'i a matattara irin tamu. A nan CS₂ ke ba da gocewar radiyan guda da ɗoriya. In harbi 10 ne a sakan, jimillar abin da ke shiga ruwan maikurowat 10 ne kacal, zafin kowane harbi ya watse kafin na gaba ya iso. Leza mai gajeren harbi amma sau miliyan 80 a sakan ba ta tsira ba, domin nanosakan 12.5 ne tsakanin harbi da harbi, zafi na taruwa. Zangon ma gara a matsa shi inda folimar ba ta sha, kamar 1064 ko 1550 na wayar gilashi, tunda babban n₂ a wurin da abu ke cinye haske ba ya yin makunni. Shi CS₂ ɗin kuma na roƙe su kada su nemo shi. A digiri 46 yake tafasa, inuwar Yamai a watan Afrilu tana wuce 40 kusan kullum, ga guba, ga kama wuta da ɗumin ƙarfe kawai.

Da yamma ɗaya muka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda. Kogi ya ja baya, masu wanki sun shanya tufafi a kan yashi, masu lambu na jan ruwa. A wannan gaɓa jami'ar take, wadda tun 1992 ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, haifaffen 1929, masanin fizik da ya ba da rayuwarsa ga aikin hasken rana har rasuwarsa a 1991. Muna shan shayi a bakin hanya muka yanke abin da za a yi da teburin. Lensin zafi awo ne mai daraja in an kira shi da sunansa. Yana gano shan haske ƙanƙane da na'urar awon launi ba ta gani, yana ba da saurin bazuwar zafi a ruwa daga lokacin cikar alamar, yana kuma nuna kason hasken da folima ta mayar haske da wanda ta mayar zafi. Abin da ya fi kusa da buƙatarmu shi ne lalacewa. Haske da iskar oksijin in suka haɗu a kan MEH-PPV suna tsinke haɗi mai biyu da ke tsakanin zobbanta, filin yawon elektaron ya gajarce, launi ya koɗe. Duk mai mafarkin faifan sola na folima a Sahel sai ya san saurin wannan a ranarmu da zafinmu.

Lalacewar nan ma tana yaudara a teburin. In aka cire kafa aka tara hasken duka, wurin da ya koɗe a matattara yana barin haske ya wuce, sai a ga tudu a ce folimar ta ƙoshi da haske ne. A tura keken gaba, a dawo da shi baya. In zanen biyu ba su hau kan juna ba, samfurin ya sauya a hannunka. Muka rage ƙarfi zuwa miliwat 1, muka busa iskar argon ta siririyar allura a cikin ruwan na minti 15, muka toshe da murfin teflon.

Kwana biyun ƙarshe na shimfiɗa ne, wato fatar folima a kan gilashi da za a aika inda ake da leza mai harbi. Gilashin ana wanke shi da sabulu, da tataccen ruwa, da asiton, da isofurofanol, minti 10 kowanne. Ruwan batir na bakin hanya ba duka ne tatacce ba, a ɗiga shi a gilashi a bar shi ya bushe, in ya bar tabo a zubar. Muka narka P3HT miligiram 10 a mililita 1 na kulorobenzin, muka tace da matata mai huda maikuromita 0.45. Kuloroform a digiri 61 yake tafasa, a ɗakin nan yana bushewa kafin ruwan ya gama bazuwa, ya bar fata mai gajimare. Kulorobenzin sai 132, yana ba da lokaci. Narkarwar a waje ake yin ta, a inuwa, iska na bayan mutum. Majuyin, wato abin da ke juya gilashin don ruwan ya bazu a kansa, injin tsohon faifan kwamfuta ne, kewaye 1,500 a minti na sakan 60, kuma in ana son fatar ta ragu da rabi sai a ninka gudun huɗu. A nan hazon Kure ya same mu. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka lokacin juyi, sai ta ja wutsiya daga inda take zuwa bakin gilashi kamar tauraro mai wutsiya, kuma zaren maikuromita 25 in ya taka ta ya watse. Gilashi huɗu na farko duk haka suka fito. Muka yayyafa wa daɓe ruwa, muka rufe ɗakin awa guda ba mai shiga, muka kifa robar wanka a kan majuyin da huda ɗaya ta ɗiga ruwan. Shida suka fito tas, shunayya mai sheƙi. Kowanne muka rufe shi da wani gilashin a ƙarƙashin argon, muka bi gefe da gam mai haɗi biyu. Na sa suka haɗa da gilashi biyu marasa komai daga kwali ɗaya, domin fatar nanomita 100 a kan gilashin milimita 1 ta gaza shi kauri sau 10,000, gilashin kuma yana da nasa n₂ wajen 3×10⁻¹⁶, dole a auna shi shi kaɗai a cire.

Ranar tara na koma tasha da asuba, kular a cinyata, gilashi takwas a ciki a naɗe da alminiyom. Lezar da matatarta na bar musu. Ɗalibar ta riga ta jera kubet biyu na MEH-PPV a kan soro, ɗaya da argon ɗaya da iskar ɗaki, minti 10 a rana, sannan a sauko da su teburi a auna, a sake mayarwa. A saman sabon shafin littafinta ta rubuta: lensin zafi, toluwin, 532, miliwat 1. Muna fita Dosso ta kira ni. Ta ce mai argon tana nan ja-ja yadda take, mai iskar kuwa ta fara komawa ruwan ɗorawa tun zagaye na huɗu, tudu da kwarinta na raguwa, kuma za ta ƙara kubet ta uku a naɗe da alminiyom a gefensu, don a raba aikin zafin soron da na hasken.